Yatsanka a Kan Kwanan Wata

Yaya Bulus,

Gaisuwa daga Fatakwal. Na san ba inda zan aika wannan takarda, ba kuwa za ka karanta ta ba. Amma magana ce tsakanina da kai, kuma na gaji da yin ta a cikin motar tanka ni kaɗai.

Gida lafiya. Mama tana nan Samaru, gwiwa ce kawai ke damunta. Matarka Saratu ta koma koyarwa. Shagon waldarka na Chikaji yana rufe, ba wanda ya iya taɓa kayan.

Ni kuma an same ni da abin da aka same ka da shi.

Ciwon baya ne ya kai ni asibiti. Aka yi hoton ciki, ba a ga komai a bayan ba, sai ga ɗan ƙulli a ƙodar dama, bai wuce ƙwayar gyaɗa ba. Likitar ta ce ƙarami irin wannan ba a gaggawar yanka shi, wani yakan yi shekaru bai motsa ba. A riƙa yin hoto duk wata shida, in ya fara girma a yanke wurin kawai a bar mini sauran ƙodar. Na ce mata ban yarda ba. Na ce haka aka gaya wa yayana, ya bi doka, shekara biyu ana cewa bai motsa ba, rana tsaka ya bazu har huhu. Na ce a cire mini ƙodar gaba ɗaya. Har murya na ɗaga mata, Yaya, saboda kai.

Sai ta nemi ganin hotunan da kake turo mini ta waya. Guda huɗu ne, ban goge ko ɗaya ba. Ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce hoto ɗaya ne. Na farkon ne, aka ɗauke shi sau huɗu. Ta nuna mini kusurwar da ake buga kwanan wata. A kowanne babban yatsanka na kan wurin, da baƙin farcen nan da ƙarfe ya danne.

Ɗaya a kan teburin shago. Ɗaya a kan tabarma. Ɗaya ma a cinyarka cikin motar haya, don in ce daga asibiti kake. Abin da ya fi ci mini rai ke nan. Ba mantuwa ba ce. Zama ka yi ka tsara.

Na kira Saratu, ashe ita ma ba ta sani ba. Ta ce duk ranar yin hoton kakan sa farar rigarka ka fita ba ka karya ba, wai haka likita ya ce. Da ta bincika, maƙwabcin shagonka ya ce a irin ranakun nan kakan tura ƙofa ka zauna ciki, ba ƙarar inji, sai la'asar ka kama hanyar Samaru. Me kake yi a ciki, Yaya? Me kake tunani tsawon yini?

Ka san abin da ka sa na yi? Ranar jana'izarka na tsaya a harabar coci ina gaya wa duk mai kunne cewa likitoci ne suka yi wasa da ranka. Mutanen da suka yi ta jiranka ba ka koma ba.

Ba zan ɗora maka duka ba. Sau huɗu ina kallon yatsan nan ban tambaya ba. In ka ce bai motsa ba, sai in ce mun gode Allah in tada mota, ina murna ba sai na zo Zariya ba. Na kuma san kai ne ka tsaya a ƙofar ɗakin tiyata ranar da aka shiga da Baba bai fito da rai ba. Ni ina makaranta, labari kawai na ji.

Na bar ƙodata. Hotona na biyu wata mai zuwa ne, kuma ba zan ɓoye maka ba, har na fara fatan a ba ni lodin Legas a ranar. Yanzu na san ɗanɗanon abin da ka ji. Shi ya sa na ba asibitin lambar matata Rahila, ba tawa ba. Da ita zan shiga, ita za ta karɓi takardar.

Mama ba ta san komai ba. Har yanzu tana cewa ɗanta ya yi iyakar ƙoƙarinsa, ni kuma in ce haka ne. Ka tafi ka bar mini ƙaryarka ina yi mata hidima.

Ban yafe ba tukuna. Ina ƙoƙari. Ubangiji ya ba ka hutawa.

Ƙanenka,
Ishaya