Jan da Kika Gani

Zuwa ga uwar 'ya'yana,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kin isa lafiya. Yaya jikin Auta, yaya jaririn? An ce ya ɗebo hancina. Allah ya ba shi haƙurin ɗauka.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda daga mutumin da ko sunansa ƙyuyar rubutawa yake. Sau uku ina ɗaukar waya in ajiye, bakina ya kasa.

Kin tuna jar motar tseren nan mai ƙofa biyu, wadda aka canza wa fenda, wato ƙarfen saman tayar gaba? Ranar da kika kawo min abinci gareji kin same ni a rana, na kara fallen ƙarfen gwajin fenti a jikin ƙofarta. Lambar kalar kamfani na haɗa, amma motar ta sha rana shekara takwas, dole mai fenti ya ƙarasa haɗin da idonsa. Kika leƙa, kika ce nawa ya karkata wajen ruwan lemo, yana neman ɗigon shuɗi. Ni kuwa, a gaban makanike da mai walda, na ce tela ta koma wajen zarenta, mota ba zane ba ce. Suka kwashe da dariya, har da ni. Kika ajiye kwanon kika juya. Washegari kika yi tafiya wajen Auta, sallamarmu ba ta fi kalma biyu ba.

Na fesa fendar yadda na ga dama, na goge ta tana sheƙi. Da mai motar ya zo, tun daga bakin ƙofa ya tsaya cak. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Cewa ya yi ta yi kama da wando mai faci. Na dubi makanike don ya goya min baya, sai ya sunkuyar da kai. Ashe kowa na gani tun da safe, ni kaɗai ne ban gani ba. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Jiya na je wajen likitan ido, inda kika shekara kina tura ni ina cewa ƙalau nake. Ashe yanar ido ce ta fara rufe min su biyun. Ya ce ita ke sa komai ya yi min rawaya-rawaya, shuɗi kaɗan ba ya isowa gare ni. Shekara talatin ana kawo min mota daga nesa saboda idon nan, har ina cika baki da shi.

Mai motar ya ba ni zuwa Asabar ta sama. In bai dace ba zai kai ta wani wuri, kuma kin san labari irin wannan ba ya kwana a cikin masu motoci.

Ga ƙunshi nan na ba mijin Auta. Akwai guntun tsohuwar fendar da na yanko, da falle huɗu masu lamba. Kada ki duba a ɗaki. Ki fita rana da hantsi, ki duba ta gaba, ki karkata ki duba ta gefe. Hoton waya ƙarya yake yi, shi ya sa ban turo ba.

Na wulaƙanta ki a gaban mutane, kuma ke ce mai gaskiya. Ina jin kunyar roƙon nan, amma ba ni da wani idon sai naki. Ki yafe min.

Ki gaida kowa da kowa.

Mijinki,
mai fenti

Zuwa ga uwar 'ya'yana,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fatan jaririn yana barin ku barci.

Ƙunshin ya dawo ranar Laraba. Na zazzage shi, na leƙa, na sake zazzagewa, babu takarda. Sai jan zare da kika ɗaure a jikin falle na uku. Wallahi a idona na uku da na huɗu duk ɗaya ne, amma ban yi gardama ba.

Shi na fesa, na bi da shi kaɗan-kaɗan zuwa cikin ƙofa don kada a ga iyaka. Ranar Asabar mai motar ya zagaya ta sau biyu, ya durƙusa, ya miƙe, ya rasa inda sabon ya tsaya. Ya kama hannuna yana cewa idona na nan daram. Makanike da mai walda na tsaye a daidai inda suka yi dariya. Raina ya so in yi shiru in karɓi yabon, har na fara murmushi. Sai na tuna kwanon nan da kika ajiye. Na ce masa ba idona ba ne, na telar gidana ne. Wannan karon ba wanda ya yi dariya.

An sa min ranar aikin ido, wata mai zuwa. Ina jin tsoro, ba zan ɓoye miki ba.

Zaren na ɗaure shi a hannun abin feshina. Ya amsa min maganar mota sarai. Ɗaya maganar ce har yanzu ban ji amsarta ba, kuma ba zan matsa miki ba. In rubutun ya yi miki nauyi, ki sake aiko zare, kowace kala ce. Zan nemi wanda zai faɗa min launinsa.

Mijinki mai jira,
mai fenti