Shafin da Na Tsallake

Litinin, 6 ga Mayu, 2024

'Yata Hidaya ta faɗi gwaji. Tambayar daga shafi na 84 ta fito, wanda na tsallake. Shekara uku ke nan ni ne idonta, tunda Allah bai ba ta nata ba. Bayan la'asar in ajiye allura da babbar riga, in karanta mata littattafan jami'a a zaure. Ni da aji uku na sakandare! In Turanci ya yi kauri, sai in yi tari, in haɗa shafi biyu in juya.

Alhamis, 9 ga Mayu

Uwarta Jummai ta ce in faɗa mata gaskiya. Na ce sai na rubuta wasiyya. Babbar jarrabawa saura wata ɗaya. In ta faɗi, maimaita shekara.

Laraba, 15 ga Mayu

Na raka ta laburare. Malam Jumare na sashen makafi ya ce ƙasashen duniya sun taru a birnin Marakesh sun sa hannu: littafi ko na wane ne, ana iya mayar da shi murya domin makaho, har a tura wata ƙasa, ba sai an roƙi mai shi ba. Najeriya na ciki. Na ce, "Malam, ƙasashe? Mu a unguwarmu Limancin Kona kwatar ruwa ɗaya ta gagare mu shiri." Ni ɗin nan da na daina gaida abokin sana'ata Lado don ya kwafi zanen wuyan rigata. Kai, Allah ya saka wa mutanen nan.

Asabar, 25 ga Mayu

Littafin ya iso wayarta, wai daga Kanada. Wata mata ke karantawa. Ba ta tari, ba ta tashi alwala. Can Hidaya ta tsayar da ita: "Baba, ashe littafin na da tsawo haka?" Na ce bugun Kanada ne, sun fi mu takarda. Ta ce, "Baba, tun aji ɗaya na jami'a nake ƙirga tarinka. Ban so ka daina ba ne."

Na fita duba akuya. Ba mu da akuya.

Talata, 11 ga Yuni

Ta ce jarrabawa ta yi kyau, alhamdulillahi. La'asar yanzu tawa ce, riga biyu na gama. Hutu ne, wallahi hutu ne.

Yau dai haske ya fi kyau a bakin ƙofarta, shi ya sa na kai tabarmata can. Matar Kanada na ta bayani. Hidaya ta mayar da ita shafi na 84, ta ƙara murya. Ashe shafin ba laifi.