Zaɓen Lajna da Kabbara

Hajja Ummusalama, ki agaza mini da shawara, don na zama mujiya a ƙauyenmu da ke kusa da Ƙala'at an-Nahal.

Shekara tara Elnour yana shugabancin lajna, wato kwamitin ƙauye, kuma surukin limaminmu ne. Hafir ɗin da muke tara ruwan sama ya cike da laka, shekara uku ba a yashe shi ba, tun kafin bazara matanmu ke bin bayan jakuna neman ruwa. Ran Juma'ar da za a sake zaɓe, ana idar da salla liman ya miƙe ya ce ɗaga hannu al'adar Nasara ce, duk wanda ya yarda Elnour ya ci gaba, ya yi kabbara. To Hajja, wane Musulmi za a ce ya yi kabbara a masallaci ya ƙi? Masallaci ya ɗauka. Ni kaɗai na tashi na ce a ƙirga hannu, kuma cikin fushi na ƙara da cewa kabbara ba ta yasar hafir.

Tun ranar sunana ya koma Wanda Ya Ƙi Kabbara. A sahu ana bar mini fili dama da hagu, har jaki ya iya wucewa. Matata Shatu ta ce bakina ne ya ja mana. Ga simsim ɗina ya nuna, na kira nafir, wato gayya, ba wanda ya amsa, kuma kin san riɗi ba ya jira, kwana kaɗan zai fashe ya zube ƙasa. Abincin shekararmu ke nan. Wallahi ina jin tsoro. In je in ce na tuba?

Mai Riɗi a Gona

Amsa:

Ɗana, Shatu ta faɗi rabin gaskiya. Maganarka ta farko daidai ce, ta biyun kuwa kai ka miƙa musu sandar da suke dukanka da ita.

Limaminku gwani ne. Ya samo zaɓen da ba a faɗuwa, ya jingina surukinsa da sunan Allah don wanda ya ture shi ya zama ya ture addini. Masu bar maka fili a sahu kuma, ai sun san wanda malamai suka ce yana shiga giɓin. Sun guje ka, sun yi wa Shaiɗan wuri har biyu.

Ka ɗauki dattijo ɗaya ku je wurin liman a gida, ba a masallaci ba. Ka janye furucin da ya yi kama da raina kabbara, ka nemi gafarar Allah a kansa. Ra'ayinka kan Elnour kuwa ka riƙe abinka, ƙin Elnour ba ridda ba ce.

Batun nafir, ka daina shela. A taro kowa jarumin liman ne. Ka bi su gida gida, ka fara da waɗanda matansu suka fi nisan ɗiban ruwa. Waɗanda suka zo maka da lauje, ka dube su da kyau, su ne ƙuri'un da aka ji tsoron ƙirgawa.

Allah ya sa ka yanke riɗinka a kan kari, ya kuma yi wa harshenka linzami.