Kujerata da Tsohon Holan

Litinin, 5 ga Oktoba, 1998
Yau Tankari na Maraɗi ya miƙe a gaban jama'a ya ce a yi zaɓen shugaban ƙungiyarmu ta 'yan kasuwa, kuma shi ma zai tsaya. Zaɓe! Ni Barmo, da na sauka Guangzhou tun babu baƙar fata ɗaya da za ta nuna maka alƙibla. Shekara huɗu ina kan kujerar ba zaɓe, ni ke samo wa kowa masauki, ni ke zuwa gun 'yan sanda in biza ta rikice. An sa ranar 25, lokacin da kowa ya zo baje koli. Na yi dariya a gabansu, amma wallahi gabana ya faɗi. 'Yan Maraɗi suna bayansa, 'yan zangon Ghana kuwa ba wanda ya san inda suka sa gaba.

Alhamis, 8 ga Oktoba
A shagon taliyar Musulmin Sin na haɗu da wani tsohon Bature, dogo, yana fama da tsinken cin abinci. Na karɓo masa cokali, hira ta ɓarke. Evert Walstra sunansa, mutumin Holan, ya zo gun 'yarsa da ke aiki a kamfanin jiragen ruwa. Ni dai Baba Ebat na ce.
Shekara arba'in da ɗaya ya yi yana riƙe da muƙami. Kansila tun yana ɗan ashirin da bakwai, sai magajin gari, sai majalisa, ƙarshe shugaban hukumar da ke tsare yankinsu daga ambaliya. Sau tara ya tsaya zaɓe, ya ci takwas.
Na ce, ina 'yan rakiyarka? Ya ce keke gare shi. Ranar da ya ajiye aiki ya miƙa makulli, ya ɗaure kwali ɗaya a bayan keken ya tafi gida. Da a Kano ne sai a ce sammu aka yi masa.

Asabar, 10 ga Oktoba
Na kwashe maganar Tankari na faɗa masa. Na zaci zai ce in yi walima. Sai ya tambaye ni yaushe rabona da shiga ɗakin ɗan ƙungiya. Na ce Baba, a wajenmu ƙarami ke zuwa gaida babba. Ya ce zaɓen nan guda da ya faɗi, a shekarar ne ya zauna a ofis yana jira a zo. Sauran takwas ɗin kuwa a kicin ɗin mutane ya ci su, gida gida. Dokarsa: ka zauna, ka sha abin da aka ba ka, ka yi tambaya ɗaya, ka rufe bakinka. Ko zaginka aka yi, ka rubuta, kada ka kare kanka.
Ni? In rufe baki?

Talata, 13 ga Oktoba
Na fara bin ɗakunan 'yan ƙungiya. Hawa shida, ba lifta. Munkaila da ya buɗe ƙofa ya gan ni sai ya ce, "Alhaji, wa ya rasu?"

Juma'a, 16 ga Oktoba
Ɗaki goma sha ɗaya zuwa yau. Shayi ya cika min ciki.
Fasuma, mai sayen jakunkuna a garin Shiling, 'yar Kumasi, ita ta fi ƙona min rai. Ta ce, "Alhaji, shekara uku kana ce min Hajiyar Ghana. Mene ne sunana?" Na yi shiru. Ba don dokar Baba Ebat ba, ban sani ba ne. Kunya kamar in nutse. Na rubuta sunan a gabanta, ta ce in ƙara da cewa mata ma suna son a riƙa gaya musu ranar taro.

Lahadi, 18 ga Oktoba
Ɓangaren 'yan Maraɗi. Ashe duk kwantenar da muke haɗawa kayansu ne a bakin ƙofa, inda ruwa ke taɓawa, don su ake kira ƙarshe. Kuma in na zuba Turanci a taro rabi ba sa ji, su Faransanci suka yi. Amsa ta zo min har maƙogwaro, na haɗiye ta da shayi. Dogara, ɗaya daga cikinsu, ya raka ni har ƙasan bene, abin da bai taɓa yi ba.

Laraba, 21 ga Oktoba
Baba Ebat ya ce saura ɗaki ɗaya. Na ce na gama. Ya ce na Tankari fa? Na ce masa da Sinanci meyo, wato babu, ko da wasa. Ya ce a majalisa shekara goma sha biyu suna faɗa da wani mutum, kuma duk Talata tare suke shan kofi, don ruwa in ya ɓalle ba ya tambayar jam'iyya.
Na je. Tankari ya rasa inda zai sa ni, ya ba ni kujera shi ya zauna a kan kwali. Bai ce ya janye ba, ni ma ban roƙa ba.

Lahadi, 25 ga Oktoba
Alhamdu lillahi! Goma sha tara da goma sha biyu!
Baba Ebat muka sa ya ƙirga, tunda ba ɗan kowa ba ne. Ya sa tabarau, yana ɗaga kowace takarda sama kowa ya gani, sai ka ce ƙasar Holan ake rabawa. Da ya kira ƙuri'ata ta sha shida na san ta ƙare. Fasuma ta rangaɗa guɗa har lawban, wato mai otal ɗin da muka taru, ya leƙo. Biyu daga 'yan Maraɗi ni suka zaɓa, na san su, ba zan tona ba.
Da can kujerar zama na yi a kai kawai. Yau ba ni aka yi. Daɗinta daban ne, na rantse.

Alhamis, 29 ga Oktoba
Baba Ebat ya tashi. Na kai masa hula zanna, ya ƙi wai ya saba ba ya karɓa. Na ce ai ka yi ritaya, kuma ba a mayar da hannun kyauta baya. Ya sa ta a karkace, ban gyara masa ba. Zan yi kewar tsohon nan.

Lahadi, 8 ga Nuwamba
Taron farko. Na ce kwantena za ta tashi ranar ashirin. Tankari ya ɗaga hannu, a gaban kowa, ya ce ba daidai ba ne, masana'antun Shiling ba su gama ɗinki ba, a kai ashirin da bakwai. Kowa na jira in sauke masa kwandon bala'i kamar yadda na saba. Na buɗe baki, sai na ji na ce, "Maimaita, Malam Tankari, a ji da kyau."
Ashirin da bakwai aka tsayar.
Ba wai na sakko ba ne. Da ma abin da zan faɗa ke nan, ya riga ni.