Ƙwan Fitilar da Na Riƙa Kashewa a Ƙarƙashin Kujera

Zuwa ga mahaifiyata, Hajiya Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi irin wanda kika koya mini, ina fatan kina cikin ni'imar da muke roƙa miki bayan kowace salla. Kin san mata ba sa shiga maƙabartar Baƙi'a a Madina, iyakata in tsaya a bakin katanga in yi ta hasashen inda kike. Shi ya sa na ɗauki biro. Daga Badar nake rubuto miki, daga ɗakin ƙanwarki Hala Rabi. Cikina ya shiga wata na tara.

Ke kika ce haihuwar fari a gaban uwa ake yin ta. Da Allah Ya ɗauke ki, Hala Rabi ta ce ɗakinta ɗakinki ne, a kawo ni tun kafin naƙuda ta zo. Saura kaɗan ban iso ba, Ummi. Kuma har yanzu ban gama gane laifin wa ne ba, nawa ko naki.

Ba ki ga motar surukinki ba, bayan rasuwarki ya same ta. Tsohuwa ce, irin mai ɗaki a baya, wadda a nan ake ce wa karafan. Akwai gado da 'yar fanka da ƙaramin firji da labule mai furanni. Ranar da ya ajiye ta a ƙofar gidanmu a Harra ta Yamma sai na ji kamar na faɗa cikin littattafan nan da alhazan Kano suke kawo mini, waɗanda kike cewa su za su ƙona mini tuwo wata rana. Na ga mu a bakin teku, ni da shi, iska tana kaɗa labulen. Ba mu taɓa zuwa tekun ba. Motar kamfani yake ja kwana shida a mako, tamu kuwa tana tsaye kamar raƙumin da aka ɗaure.

Batir biyu gare ta. Wannan shi ne farkon ruɗewata. Ɗaya yana gaba, aikinsa kawai ya tayar da inji. Ɗayan yana baya, shi ke ba fanka da firji wuta, kuma shi kullum a ƙoshe yake, domin surukinki ya zuro masa waya daga tagar ɗakinmu. Na gaban ne ba shi da gata. Mota in ta daɗe ba ta motsa ba sai ya yi ta ramewa, zafin Madina kuma ba ya raga masa.

Sai surukinki ya kai ta wurin Baba Adamu, wani dattijo mutumin Damagaram mai gyaran wutar mota a wajen Ƙuba. Ya haɗa batiran biyu da wata siririyar waya, ya sa makunni da ɗan ƙwan fitila a tsakani, a ƙarƙashin kujerar direba. Da ya dawo ya yi mini bayani, rabi da Hausa rabi da Larabci, yana zana abin da cokali a kan faranti. Wai na baya ne zai riƙa shayar da na gaba kaɗan-kaɗan, kuma ita wutar, gaba take tafiya, ba ta komowa. Ina ta gyaɗa kai. Gaskiyar magana, littafi ne a cinyata, kuma daidai lokacin an hana yarinyar ganin masoyinta. Abin da na riƙe daga bayanin duka shi ne ƙarshensa: “Ya'ani, ko yaushe kika ce mu tafi, za ta tashi. Halas.”

Da ciki ya yi nauyi sai na mayar da motar ɗakin karatuna. Gidan surukaina cike yake da mutane, kowa da rediyonsa. Bayan azahar, in gari ya yi shiru, sai in lulluɓa in fito, in ja labule, in kunna fanka, in miƙe ƙafafuna da suka kumbura.

A nan na ga ƙwan. Rana tsaka, yana ci ja-ja a ƙarƙashin kujera, ba ya haska wa kowa komai. Muryarki na ji, Ummi, kamar kina tsaye a kaina: “Fitilar da ba ta haska wa kowa almubazzaranci ce, kashe ta.” Kin tuna yadda kike bin mu ɗaki-ɗaki? Na durƙusa da ƙyar da wannan cikin, na lalubo makunnin, na kashe. Har daɗi na ji, wai ni matar kirki mai tattalin kayan mijinta.

Ranar Juma'a surukinki ya leƙa motar ya tarar a kashe, ya ɗauka ƙafarsa ce ta taɓa, ya kunna. Asabar na kashe. Wata Juma'ar ya kunna, na sake kashewa. Daga nan aiki ya yi masa yawa, bai ƙara dubawa ba. Ni kuma na ƙara da kunna kaset ɗin gaban mota ina jin waƙoƙi ƙasa-ƙasa. Ina zan san kaset daga batirin gaba yake sha? A ganina wuta wuta ce, kamar ruwan randa, ko ta wane gefe ka tsoma moɗa.

Sai Juma'ar tafiya ta zo. Ita kaɗai yake da ita, don daga Asabar za a tura shi Yanbu mako uku, ungozoma kuwa ta ce ba zan kai haka ba. Tun da hantsi muka loda kaya: akwatina, tukunyar wankan jego, kanwa, da zanen nan naki mai ruwan goro da na ɓoye. Surukata ta yi mana addu'a a bakin ƙofa. Ya zauna, ya yi bismilla, ya murɗa makulli.

Ƙis. Ƙis. Shi ke nan.

Na duba fanka, tana juyawa. Na taɓa firji, da sanyinsa. To ta yaya za a ce babu wuta? Ga wuta ina gani da idona, amma wai ba irin wadda ake so ba ce.

Ya nemi wayoyin da ake jona mota da mota, waɗanda suke kira ishtirak, ya tuna ya ba wani abokinsa aro. Kantuna a rufe sai bayan la'asar. Maƙwabta masu mota sun yi sammakon tafiya Harami. Turi kuwa ba ya yiwuwa, layinmu hawa ne, ga duwatsun Harra baƙaƙe a kowane gefe. Da ya leƙa ƙarƙashin kujera ya ga makunni a kashe, sai fuskarsa ta canza. Ya ce Baba Adamu ya sa masa ruɓaɓɓen makunni mai kashe kansa, yau sai ya same shi a masallaci ya faɗa masa magana a gaban mutane.

A littattafaina, in mace ta yi laifi, hawaye ne ke zubo mata kamar lu'ulu'u, mijin ya share mata da gefen rawaninsa. Ni gumi ne ya zubo mini. Na tuna dattijon nan da ya taɓa aiko mini da dabino a leda don ya ji ina da ciki. Na buɗe baki na ce ni ce. Na faɗi na kaset ɗin ma.

Bai yi faɗa ba. Da ma ya yi. Ya dube ni, ya dubi littafin da ke hannuna, ya sunkuya ya kunna makunnin. Ƙwan ya kama da haske fiye da yadda na taɓa gani. Na yi murna na ce to mu tafi. Ya ce a'a, haskensa yunwa ce, sai ya dushe tukuna. Ummi, kin taɓa jin fitilar da ake jira ta mutu kafin a yi murna? Na ce a buɗe wa wutar hanya ta wuce gaba ɗaya mana. Ya ce wayar siririya ce, da cokali take bayarwa, in aka matsa mata ƙonewa za ta yi.

Ya tafi Juma'a ya bar ni da gadin ƙwan fitila. Na kashe fanka da hannuna, don kada ta rage wa na gaba rabonsa. Ban sani ba ko hakan yana da amfani. Na zauna ina kallon ɗan jan hasken nan, yaron yana ta shurina, marata tana ɗaurewa tana saki. Na yi ta lissafi: in abin ya zo mini a Harra, wa zai riƙe ni? Surukata mutuniyar kirki ce, amma kunyarta nake ji, ba zan iya yin ihu a gabanta ba. Ban buɗe littafi ko sau ɗaya ba.

Bayan ya dawo ya gwada, motar ta yi tari ta yi shiru. Muka ƙara jira. Da aka kira la'asar ƙwan ya koma kamar garwashin da toka ta rufe. Ya yi salla, ya zauna, ya murɗa. Ta yi tari sau biyu, ta girgiza, ta kama. Sai ga ni ina kuka, ba irin na lu'ulu'u ba, irin mai majina.

Bai kashe injin ba har Badar, ko da muka tsaya shan ruwa. A hanya, da gonakin dabino suka fara bayyana, ya miƙo hannu ya gyara mini matashi a bayana. Ko shayin Hala Rabi bai tsaya sha ba, ya juya. Amma kafin ya tafi na ga ya yanki filasta ya manne makunnin, ya yi rubutu a kai da biro. Na leƙa. Sunana ya rubuta, ba wani abu ba. Kwana huɗu ke nan ina juya abin: gargaɗi ne, ko zolaya, ko wata irin soyayya ce da ba a sa ta a littafi ba? Na tambayi Hala Rabi, ta yi dariya har ta share ido, ta ce wai halinki na ɗauko, ke ma kin taɓa kashe wa Abba firji a watan azumi. Me ya sa ba ki taɓa gaya mini ba?

Abu ɗaya ne ya zauna mini a cikin bayanin nan na faranti da cokali: ita wutar, gaba take tafiya, ba ta komowa. Na daɗe ina jin ciwon cewa ban rama miki komai ba kafin ki tafi. Jiya da yaron ya motsa sai na ji ciwon ya ɗan lafa. Ban ce na gane ba, Ummi. Na dai daina kai hannu ga abin da na ga yana ci a ɓoye.

Allah Ya haskaka kabarinki da hasken da babu mai kashe shi, Ya yalwata miki makwanci, Ya sa ki cikin maƙwabtan Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, a lahira kamar yadda Ya sa ki a duniya. Ni kuma Ya sauke ni lafiya. In mace ce, kin san sunan da za ta ci.

Taki har kullum, mai ƙona tuwo,
Safiyya