Sirrin Ɗalibata da Na Zubar a Wurin Shan Jabana

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi, da ku masu karantawa, Allah ya saka muku da alheri. Don Allah a ɓoye sunana. Ina kuma roƙon ku, kafin ku fara zagina ku daure ku kai ƙarshe, domin duk zagin da za ku yi mini na riga ku yi wa kaina. Shawara nake nema, kuma kwana huɗu kacal suka rage mini.

Ni malami ne a wata kuliyya, wato kwaleji, da ke wajen garin Hasahisa. Falsafar ahlak nake koya wa 'yan shekarar farko, wato yadda mutum zai gane abin da ke daidai da abin da ke kuskure, da dalilin da ya sa. Ku riƙe wannan, don shi ne abin kunyar. Misalan da ke cikin littattafanmu ba sa kama ɗalibaina ko kaɗan. Na taɓa zana musu jirgin ƙasa a allo, ya taho zai take mutum biyar, in ka karkatar da shi ya take mutum ɗaya, na ce me za ku yi? Wani daga kujerar baya ya ce layin dogon garinsu awaki ne ke kwana a kai, in bari jirgin ya zo tukuna. Aji ya ɗauki dariya, ni kuwa raina ya ɓaci, don ina da son a ce darasina ya shiga. Shi ne na ƙirƙiro wata dabara da na ɗauka ba a taɓa yin irinta ba. Na ce kowa ya rubuto mini wani abu na gaskiya da ya taɓa faruwa da shi, wanda har yau bai san ko ya yi daidai ba. Kada a sa suna. Na yi musu alkawari da bakina, na ce ni kaɗai zan karanta, don in san irin tambayoyin da ke damun su, sannan in ƙone takardun a gabansu. Na ce wannan amana ce tsakanina da su da Allah.

Yawancinsu shirme suka rubuto, satar amsa a imtihan, ƙarya ga uwa a kan waya. Takarda ɗaya ce ta tsayar da ni. Da Larabci aka rubuta ta, harshen da muke karatu da shi a nan, amma a tsakiya, inda abin ya yi zafi, sai aka koma Hausa da haruffan ajami. Hausawa mata biyu ne kawai a ajin, 'yan ƙauye ɗaya kusa da Wad Haddad, ɗaki ɗaya suke kwana, kuma na san rubutun kowacce. Zan kira mai takardar Asma'u, ƙawarta kuma Zahra'u. Asma'u ta rubuta cewa tana 'yar shekara goma sha biyu ta kai wa mahaifinta abincin rana a hawasha, wato gonarsa ta cikin aikin ban ruwa. Lokacin tuge karan auduga ne da ƙone shi. Ya cinna wuta, iska ta juya, wutar ta tsallaka ta cinye tarin dawar maƙwabcinsa, abincin shekara guda. Babu wanda ya gani sai ita. Ya kama hannunta ya ce, "Ki yi kurum, ɗiyata." Da aka tashi neman mai laifi sai aka ɗora wa wani ɗan ƙwadago gurgu mai farin jaki, don an san shi da shan taba. Aka kore shi daga garin shi da iyalinsa, mahaifinta yana tsaye. Kuma mahaifin nata shi ne ladanin garin. A ƙarshe ta rubuta, kullum in ya kira salla sai in tuna, to ni da na yi shiru, da shi da ya ce in yi, wa ya fi laifi?

Na cika alkawarin ƙonawa, har da burga. Na aro murhun gawayi wajen mai shayin bakin ƙofa, na tara ɗalibai a tsakar kuliyya, na jefa takardun ɗaya bayan ɗaya. Na ga Asma'u tana kallon hayaƙin, ta sauke ajiyar zuciya. Ranar na koma gida ina jin kaina wani babban mutum.

Bayan wata biyu na tafi suna gidan gwaggona a wani ƙauye kusa da Rusairis. Bayan la'asar maza muka zauna a rumfa ana zuba jabana, wato gahawarmu mai citta. Akwai taubashina Sale, manomi ne kuma masunci, bakinsa ba ya raga mini tun muna yara. A gaban dattawa ya ce, "Ustaz, wai mi kaka koya ma ɗiyan mutane? Likita na bada magani, injiniya na gina gada, kai ko an ce surutu kaka saidawa. Mu nan da ba mu tai kuliyya ba, ba mu san daidai da kuskure ba?" Aka yi dariya, har da dattawan. Wasan taubasantaka ne, da na rama da maganar tsohon kwalekwalensa mai yoyo da an wuce wurin. Amma abin ya sosa mini inda ke mini ƙaiƙayi. Na ce to bari in ba ku tambaya ɗaya, wanda ya amsa na bar masa aikina. Sai na kwashe labarin Asma'u na zuba musu. Ban faɗi suna ba, na ce wani ƙauye ne can yankin Jazira. Amma don labarin ya yi daɗi ban rage komai ba, karan auduga, tarin dawa, ladani, gurgu mai farin jaki, har da "ki yi kurum, ɗiyata" sai da na kwaikwaya. Aka shiga gardama a rumfa, Sale ya bar tsokanata. Na ji daɗi, wallahi na ji daɗi, ba zan ɓoye muku ba.

Me nake tunani? Na ɗauka tafiyar yini guda a mota ta isa ta raba labari da masu shi. Ni da aka haifa a cikin mutanen nan, na manta cewa mu Hausawan bakin kogin nan babu wanda ba shi da gwaggo ko suruki a kowane gari, daga Rusairis har Hasahisa. Akwai wani mai fataucin albasa a gefen rumfar, sai da ana tashi ya matso kusa da ni. Ya dube ni ya ce, "Wanga batu awa na san shi. Gurgu mai hwarin jaki, ko?" Na ce ai misali ne kawai, ƙirƙira na yi. Ya yi murmushi ya ce, "Tamam, ustaz." A nan na sha jinin jikina. Daga baya na ji cewa matarsa 'yar garin su Asma'u ce.

Ba a yi kwana goma ba Asma'u ta daina zuwa aji. Labari ya isa garinsu, kuma a hanya ya yar da sunana, abin da ya rage kawai shi ne an ce 'yar ladan ce ta tona a makaranta. Maƙwabcin da aka ƙone wa dawa ya tare mahaifinta a ƙofar masallaci, tsohon bai yi musu ba, ya zauna a ƙasa ya rufe fuska. An karɓe kiran salla daga hannunsa. 'Ya'yan gurgun sun zo daga inda suke, sun tsaya a ƙofar gidansa sun faɗi abin da ke ransu, don ubansu ya rasu da sunan mai ƙona abincin mutane. Yanzu tsohon ko kasuwa ba ya fita. Ya aiko aka kwashe kayan Asma'u, ya ce karatun da ke koya wa 'ya tona asirin ubanta ya ƙare. Ita ce mace ta farko a gidansu da ta taka kuliyya, kuma ban taɓa koyar da mai kaifin kai irin nata ba.

Ga inda abin ya fi muni. A duniya wuri biyu Asma'u ta ajiye sirrin nan, takardata da kunnen Zahra'u. Takarda kuwa ta ga an ƙone ta da idonta. To wa za ta zarga? Ta wanke Zahra'u tas da zagi a gaban 'yan ɗakinsu, maganar ta koma gida, iyayensu mata sun daina gaisawa, a garin ana nuna Zahra'u da baki. Yarinyar ta dafa Alƙur'ani ta rantse, babu wanda ya yarda. Makon jiya ta same ni a ofis, ta rame, idanunta sun faɗa. Ta ce, "Ustaz, kai ka koya muna ahlak. In anka ɗora ma mutum abin da bai yi ba, kuma ba shi da shaida, ƙaƙa za shi yi?" Kun san abin da na ce mata? Na gyara zama na ce ta yi haƙuri, gaskiya ba ta ɓata, wata rana za ta fito. Ta yi mini godiya. Ta fita tana yi mini godiya, ni kuwa na bi bayanta da kallo, gaskiyar tana cikin bakina. Abin da mahaifin Asma'u ya yi wa gurgun nan, shi nake yi wa Zahra'u, bambancin kawai shi iska ce ta juya masa wuta, ni da hannuna na kai ta.

Na san wasunku za su ce ai alheri ne ya fito, an wanke sunan bawan Allah da aka zalunta. Na gwada lallashin kaina da wannan, ai sana'ata ce, ina da babi guda a kan auna aiki da sakamakonsa. Bai yi mini amfani ba. Da don gurgun na yi, da na kira Asma'u mun zauna mun nemi hanyar da mahaifinta zai nemi gafara da mutuncinsa. Ban tuna da gurgu ba ko sau ɗaya a rumfar nan. Don in rufe bakin Sale na yi, don dattawa su gyaɗa kai. Kuma mutumin da aka wanke yana kabari, bai ji ba. Darasin mako mai zuwa a jadawalina cika alkawari ne. Da wace fuska zan rubuta wannan a allo, Zahra'u tana zaune a layin gaba, kujerar kusa da ita babu kowa?

Shekaranjiya Asma'u ta kira ni da wayar mahaifiyarta. Ta ce, "Ustaz, Inna ta sha kan Baba. Ya ce ba ya sauraren kowa daga kuliyya sai kai, tunda kai namu ne, kuma na hwaɗa mishi yadda ka ƙone takardun gabanmu. Ya ce mutumin da ya riƙe amana haka, shi zo su yi magana. Don Allah ka zo ran Juma'a bayan an sauko. Kai kaɗai ka rage man." Na buɗe baki in faɗa mata, wallahi na buɗe. Abin da ya fito shi ne, "In sha Allahu ina tafe."

To ga inda nake. In na je na yi shiru, na san yadda zan yi wa tsohon magana, wataƙila ya bar ta ta dawo. Amma za ta dawo ne a kan ƙarya, ta zauna tana rubuta abin da nake faɗa, tana ƙin ƙawar da ba ta yi mata komai ba, Zahra'u kuma ta ci gaba da ɗaukar kayan da ba nata ba har gidan aurenta. In kuma na faɗi gaskiya, na wanke Zahra'u, amma na tabbatar wa tsohon cewa zarginsa daidai ne, kuliyya ce ta kashe shi, kuma malamin da ya fi yarda da shi ne ya yi. Daga ranar Asma'u ba za ta sake ganin allo ba, kuma ba na jin wani uba a garin zai sake turo 'yarsa. Aikina ma zai iya tafiya, kuma ba zan yi muku ƙarya ba, wannan ma yana cikin abin da ke tsorata ni. Na yi tunanin in fara dawo da ita sannan in faɗa daga baya, amma na san kaina, wanda ya kasa faɗa a ofis da kuma a waya, yaushe ne daga bayansa zai zo? Na juya abin ta kowace fuska da na koya wa ɗalibai, ban ga ƙofar da babu wanda zan taka ba. Ban ma ga wadda za ta mayar wa tsohon nan da kiran sallarsa ba.

Shekara da shekaru ina tsayawa gaban yara ina jefa musu tambaya, in sun rasa amsa in yi murmushi. Yau Litinin. Asma'u ta ce mahaifiyarta har ta ware zakaran da za a yanka mini. Jama'a, don girman Allah, in na zauna a tabarmar tsohon nan ya miƙo mini hannu, me zan yi?