Wa Ya Tuɓe wa Tankin Riga?

Gummi,
Janairu, 2017

Zuwa ga ƙanena Lukman,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan za ta same ka lafiya a Fatakwal. Allah ya tsare ka a ƙasar mutane, ya sa albarka a nemanka. Mu nan sai godiya. Gwiwar Inna ta yi sauƙi. Ƙanwarmu Khairat na nan gida tana wankan jego, jaririyar kuma sai tsotso da barci, duk wanda ya ɗauke ta sai ya ce goshinka ta kwaso. Na zaɓi in rubuto ne domin wayar tsakar gida kowa na jin ta.

Maganar tankin ruwan zafi mai aiki da rana ce, wanda ka aiko don kada a riƙa shiga daji neman itace a wannan hali na rashin tsaro da ake ciki. Da la'asar ba a cewa komai, hannu ba ya iya taɓa ruwan, itace kaɗan ke tafasa shi. Amma da safe, lokacin da mai jego ta fi bukata, sai ka ce daga gulbi aka ɗebo. Inna ta ce wani ke ɗiba yana cikawa da na sanyi, har ta sa wa famfon kwaɗo, ta daina sakar wa maƙwabta fuska. Ba abin da ya sake.

Ina gyaran ɗakin ajiya na ci karo da kwalin da tankin ya zo a ciki. A hoton jikinsa tankin na sanye da riga mai kauri, namu kuwa ƙarfe ne tsirara. Na taɓa shi da yamma na ji kamar tukunya a murhu, sai na gane ta jikinsa zafin ke tserewa. Nan na tuna cewa abokinka Makau ne ya ɗauko kayan daga tasha, kuma sun kwana a gidansa kafin ya zo ya haɗa. Da na je gaida matarsa Habsu, na ga ya zagaye akurkin 'yan tsakinsa da wani soso rawaya mai ƙyalli a baya, irin da ban taɓa gani a kasuwarmu ba. Na tambaye ta, ta ce a Gusau ya sayo, amma ba ta dube ni ba.

Ban jira kowa ba. Mijina ya kwaso buntun shinkafa daga injin casa, muka ɗura a buhuna muka ɗaɗɗaure jikin tankin, muka ɗora tsohuwar katifar auduga a samansa. Bututun ma na naɗe su da tsummoki, muka rufe duka da leda da guntun kwano, don in buntu ya jiƙe aikin ya ɓaci. Yanzu ruwan na wayar gari da zafinsa, Khairat na wanka ba gunaguni.

Da Makau ya zo ya gani, ya ce aiki ya yi kyau. Ka san Inna, ta tambaye shi kai tsaye ina rigar. Ya ce abin da ya iso hannunsa shi ya haɗa, sauran bayani a tambaye ka, domin akwai alkawari tsakaninku. Tun ranar Inna ba ta amsa gaisuwarsa. Habsu kuwa, 'yar ƙanwar Inna da ta tashi a ɗakinmu, ta ɗauke ƙafa daga gidan.

Maganarsa ta tsaya mini a rai, Lukman. Ranar da muke naɗe tankin na ga tsatsa a ƙarƙashinsa, an bi ta da sabon fenti, kuma kwalin ya fi tankin girma. Kai kuwa ka ce wa Inna sabo dal ka saya. In na hannu ka samu, iya ƙarfinka ke nan, ba abin kunya ba ne, kuma ya yi mana rana. Amma in ka sa Makau ya rufa maka asiri har ana masa kallon ɓarawo, to wannan ba zan goya maka baya ba. In kuma da rigarsa ka aiko shi, ka faɗa mini, in san yadda zan zauna da su. Har yanzu soson akurkin nan bai bar zuciyata ba, tsatsar ma haka.

Ban gaya wa Inna maganar tsatsa ba. Ina so daga bakinka ta ji ko ma mene ne, kuma kafin Khairat ta yi arba'in, domin ban ga yadda za a yi taron nan babu Habsu ba.

Inna na sa maka albarka. Khairat da mijina na gaishe ka, haka Kawu Namadi daga Gwashi. Ka gaida matarka Basira da yara. Allah ya sada mu da alheri.

Yayarka mai jiran amsa,
Safiya